Yawon yini ɗaya a keken lantarki daga Ronda zuwa Setenil: me ya kamata a sani kafin a biya?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar keke, suka kuma san kudancin Sifaniya. Ni da mai ɗakina za mu je Malaga a watan Oktoba in Allah ya yarda, muna son ware yini guda mu leƙa Ronda. Na ga ana tallar yawon keken lantarki da ɗan jagora daga Ronda zuwa Setenil de las Bodegas, ƙauyen nan da gidajensa ke ƙarƙashin dutse, a je a dawo a yini ɗaya. Ni babur na saba da shi, rabona da keke an jima. Ita ta iya tuƙi amma ba ta taɓa hawan mai batir ba. Shin irinmu za su iya? Batirin zai kai mu ya dawo da mu? Me ya kamata mu tambayi masu shirya tafiyar kafin mu ba da kuɗi? Sannan an ce mini Guadix ne ainihin garin kogo, ba Setenil ba. Wanne ya fi dacewa?

Bakaniken Keke:

Wa alaikumus salam, Abban Sadiya. Za ku iya, amma kada tsawon hanyar ya ruɗe ka. Daga Ronda zuwa Setenil kilomita 18 zuwa 20 ne, wato wajen 40 zuwa da dawowa. Wannan ba komai ba ne a keke mai batir. Abin da ke cinye batir da ƙafa shi ne hawa. Ronda tana bisa tudu, wajen mita 740 sama da teku, Setenil kuwa a cikin kwari take, ƙasa da Ronda. Ma'ana da safe kuna da ƙarfi batir na cike hanya ta fi yawan gangara, da yamma an ci abinci jiki ya mutu batir ya yi rabi, lokacin ne hawa ke jiran ku. In kuma jagoran zai bi da ku ta Acinipo, kufan garin Rumawa mai tsohon dandalin wasa na dutse, to can ya kusa mita 1,000, hawan ya ƙaru sosai.

Don haka tambayar farko da za ka yi musu ita ce jimillar hawa mita nawa ne, ba kilomita nawa ba. Ta biyu, batirin Wh nawa ne, wato awon yawan wutar da yake riƙewa. Yawanci 400, 500, 625 ko 750 ake samu.

Ga lissafin. Mutum mai kilo 85, keke kilo 25, ruwa da jaka kilo 5, jimilla 115. Ɗaga wannan nauyi sama mita 100 yana bukatar kusan Wh 31. In injin ne ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, aka haɗa da abin da ke ɓacewa a matsayin zafi, batir zai ba da Wh 25 zuwa 30 a kowace mita 100. A ɗauka an ce maka hawan mita 700 ne, ka ga 200 sun tafi. Tafiyar kanta, a Wh 5 ko 6 kowace kilomita, ta ƙara 200 zuwa 240. Ka tashi da 400 da ɗoriya. Batir mai 500 zai kai, amma da ɗan ragowa kaɗan, kuma sai in bai tsufa ba. Keken haya da ya sha caji shekara biyu ko uku ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. In da zaɓi, mai nauyi a cikinku ya ɗauki 625. Mai 400 kam ban ba da shawara ba sai ga marar nauyi ƙwarai.

Yawancin kekunan da ake bayarwa masu injin tsakiya ne, wanda ke wajen feda, kamar na Bosch ko Shimano. Babu totur. Sai ka taka injin ke ƙara maka ƙarfi, kuma bisa dokar Turai ƙarfinsa watt 250 ne, yana daina taimako da zarar ka kai kilomita 25 a awa. A na Bosch za ka ga matakan taimakon injin daga ƙarami zuwa babba: Eco, Tour, da Turbo, da wani a tsakani. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ji daɗin Turbo tun daga bakin gari ya bar shi a kai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya Eco ya isa, a hawa Tour, Turbo sai inda tudu ya miƙe tsaye. Dokar da za ka riƙe: ku isa Setenil da aƙalla kashi 60 cikin 100. In allon da ke nuna cajin mai sanduna biyar ne, kowace sanda kashi 20 ce, to uku su kasance a cike. Kada ka dogara da adadin kilomitar da allo ke cewa ta rage, domin yana lissafi ne da tafiyar da ka yi a baya. Bayan doguwar gangara zai ce maka saura 90, ka fara hawa minti goma ya koma 40.

Kada kuma ka sa rai da caji lokacin cin abinci. Cajar Bosch mai amfiya 4 tana ɗaukar wajen awa huɗu da rabi kafin ta cika batir mai 500, kuma ba kowane jagora ne ke yawo da ita ba.

Hajiya Umman Khalil:

Malam, a kan tambayarka ta ƙarshe, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, amma abu biyu ne daban. A Setenil ba a haƙa komai ba. Kogin Trejo ne ya zaizaye dutsen ya bar rumfa, mutane suka gina bangon gaba suka shafa farar ƙasa, dutsen ya zama rufi da bangon baya. Titunan da ake zuwa gani su ne Cuevas del Sol da Cuevas de la Sombra, suna fuskantar juna, kogin na tsakani. A na biyun akwai inda dutse ya rufe titin ruf, ka ɗaga kai ba ka ganin sama sai falalen dutse a kan rufin gidaje. A Guadix kuwa, gabas da Granada wajen kilomita 60, mutane ne suka haƙa ɗakuna cikin tuddan yumɓu. Gidajen sun kai 2,000, daga waje ba ka ganin komai sai farar ƙofa da farin bututun hayaƙi ya ɓullo daga ƙasa, ciki kuma zafin yana tsayawa wajen digiri 18 zuwa 20 rani da hunturu. Yankin yana cikin Geopark na Granada, wato yankin da ake karewa saboda yanayin ƙasa da duwatsunsa, wanda UNESCO ta amince da shi a 2020.

Amma ga ku biyun nan, Setenil. Guadix ya yi nisa da Malaga ga yawon yini, kuma yawon keke a can yawanci kan burji ne ta hamadar Gorafe. Oktoba ruwa na iya saukowa, yumɓun can in ya jiƙe yana manne wa taya har ta daina juyawa. Hanyar Setenil yawancinta kwalta ce ta cikin gonakin zaitun da inabi.

Daga Malaga zuwa Ronda kilomita 100 ne, motar bas wajen awa biyu. In za ku iya, ku kwana Ronda, domin a yawancin kwanakin Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kuma safiyar tudun akwai sanyi. A ɗauki riga mai tare iska, gangara da safe tana ratsa jiki. Ku guji Asabar da Lahadi, titunan biyu suna cika maƙil. Ko ranar aiki ma a sauka a tura keke ko a ɗaure shi inda jagora ya nuna, a shiga a ƙafa. In da lokaci a hau har hasumiyar tsohuwar ganuwa ta zamanin Musulmi, daga can ake ganin yadda garin ya bi kwarin. Garin ya faɗa hannun sarakunan Kirista a 1484, Ronda ta biyo baya a 1485.

Sai batun abinci, kuma nan nake so ka kula. Setenil ta yi suna ne da kayan naman alade. Kalmomin da za ku sa wa ido: jamón, chorizo, tocino, lomo, da manteca, wato kitsen alade, wanda ke shiga har cikin wasu kayan zaƙi. Miyar tumatir mai sanyi da ake kira salmorejo ana barbaɗa mata jamón a kai ko ba ka nema ba, sai ka ce "sin jamón". Romon miya ma sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi. Abin da ba shi da matsala: wainar ƙwai da dankali, soyayyen gauta da zuma, kifi, cukun akuya na yankin. Wani tarko kuma shi ne mosto. A wasu sassan Sifaniya ruwan inabi ne kawai, amma a lardin Cádiz, inda Setenil take, sau da yawa sabuwar barasa ake nufi. A tambaya kafin a sha. Haka kuma yawon Ronda da dama sun haɗa da tsayawa gidan sarrafa inabi don ɗanɗano. Ka rubuta musu tun wajen yin rajista cewa ba kwa so, ka ji ko akwai abin da za a musanya da shi ko a rage kuɗin.

Azahar a can tana shiga ne bayan ƙarfe biyu kaɗan, daidai lokacin da suke cin abincin rana, sai in kun je bayan Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu. A faɗa wa jagora tun da safe ana bukatar minti goma.

Ga 'yar'uwata: ta nemi keke marar sandar tsakiya. Doguwar riga ko abaya mai faɗi tana shiga sarƙa ko tayar baya, hatsari ne na gaske a gangara. Wando mai ɗan kauri da riga zuwa gwiwa, hijabi marar kauri a cusa shi cikin riga, hular kwano ta zauna daidai a kai ba ta karkace baya ba.

Ɗan Tsere:

Abban Sadiya, abu guda a rubutunka ya tsaya mini: ka ce babur ka saba da shi. A babur hannun hagu kuloci ne, dama burkin gaba. A kekunan Sifaniya hagu shi ne burkin gaba, dama na baya. Hannun da ya saba damƙe kuloci gaba ɗaya in abu ya taso, a nan tayar gaba zai kulle, kuma burkin faranti mai mai yana kamawa da yatsa ɗaya. Kafin ku bar shago, ka tura keken a ƙasa ka matsa kowane hannu ka ga tayar da ta tsaya, sannan ka yi gwajin tsayawa sau biyar ko shida a fili. Yatsa ɗaya ko biyu a kan kowane hannu, a matsa biyun tare a hankali, a ja jiki baya.

A doguwar gangara kada a riƙe burki ana ja a kai a kai. Keke mai kilo 25 da mutum a kai yana sa faranti ya yi zafi har kamun ya ragu. A matsa da ɗan ƙarfi a rage gudu, a saki, a sake matsawa. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, musamman inda taraktar gonar zaitun ta zubo tsakuwa da laka a kan kwalta.

Giya kuma: sauka zuwa mai sauƙi kafin hawan ya fara, ƙafa ta riƙa juyawa wajen sau 70 zuwa 80 a minti. Injin tsakiya ya fi aiki da kyau a haka, batir ma ya fi daɗewa. Mai taka giya mai nauyi a hankali yana dogaro da Turbo shi ne batirinsa ke fara mutuwa. Lokacin canja giya a sassauta ƙafa daƙiƙa ɗaya, don ƙarfin injin ta sarƙa yake bi, in ka canja kana dannawa za ka ji ƙara mai ƙarfi, haka sarƙa ke tsinkewa. Kafin ka tsaya ma ka sauke giya, in ba haka ba tashi a kan tudun Setenil zai gagare ka. In ya gagara, akwai maɓallin turawa da ke tafiyar da keken a ƙasa da kilomita 6 a awa kana biye da shi a ƙafa. A nuna muku shi tun a shago.

Doka: hular kwano wajibi ce a hanyoyin da ke wajen gari. An hana abin sauraro a kunne da riƙe waya ana tuƙi, tarar yuro 200 ce. Mota dole ta bar maka mita ɗaya da rabi in za ta wuce. Lambar gaggawa 112.

Abban Sadiya:

Allah ya saka da alheri, wannan batun burki ban taɓa kawo shi a raina ba. To in aka yi faci a hanya ko ɗayanmu ya gaza fa? Kuma ba zai fi sauƙi mu yi hayar keke mu tafi mu kaɗai ba?

Bakaniken Keke:

Ku kaɗai a karon farko, a'a. Amfanin jagora shi ne ya san ƙananan hanyoyin da ba motoci, ya kuma ɗauki tif, famfo, da mahaɗin sarƙa. Amma ka tambaya ƙarara ko suna da motar ɗauko mutum, domin keke mai batir in ya mutu a tudu ba ya takuwa da daɗi, kuma ba kowace tasi ke ɗaukarsa ba. Ka tambaya ko akwai tsarin zuwa kawai, a dawo da ku a mota. Ga mai ɗakinka da ba ta saba ba, wannan ya fi: wajen kilomita 20, yawanci gangara, ku sami lokaci sosai a ƙauyen. Ka ji mutum nawa ne a ayarin, don in sun haura takwas ga jagora ɗaya na baya yana tafiya ba mai kallonsa. Ka ji ko inshorar hatsari na cikin kuɗin, nawa za a riƙe a katinka na ajiya, wa zai biya in an sace keken a wurin cin abinci, da yadda ake yi in ruwa ya hana tafiya. Ka aika musu tsayinku da santimita don a ware girman da ya dace.

Ɗan gyara a kan maganar Ɗan Tsere: yawanci haka burkin yake, amma Ronda na samun baƙi 'yan Ingila da yawa, su kuma nasu a juye yake, wasu shaguna kan sauya musu. Kada ka ɗauka, ka gwada keken da aka ba ka, ka gwada nata ma. Sirdi ya kai tsayin da in dunduniya na kan feda a ƙasa ƙafa za ta miƙe. Ruwa lita ɗaya da rabi kowa, a sake cikawa a Setenil. Makonni biyu kafin tafiya ku samu ko keken gida ne ku riƙa yin minti 40 sau uku a mako, ba don ƙafa ba, don mazauni ya saba da sirdi.