Me za mu kira kuɗin da ake biya don lamunce bashin gida a Amurka?

Masu fassara da 'yan jarida, ina neman mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar da Amurkawa ke cewa guarantee fee, domin na ga fassara uku daban-daban a cikin mako guda. Kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar gwamnatin Amurka tun watan Satumban 2008, suna sayen basussukan gidaje daga bankuna, su haɗa su, su sayar wa masu zuba jari tare da alƙawarin cewa idan mai gida ya kasa biya, su za su biya. Kuɗin da suke karɓa saboda ɗaukar wannan nauyi shi ne muke nema wa suna, kuma a ƙarshe daga aljihun mai gidan yake fita, ta hanyar ƙarin ruwan bashi.

Wasu sun ce "kuɗin garanti", amma a kunnen Bahaushe garanti na firiji ne ko na waya, wato idan kaya ya lalace a mayar da shi shago. "Inshora" ma ba ta dace ba, saboda akwai inshorar bashin gida daban. Wani malami ya kawo "kuɗin lamuni", kuma ta fuskar asali yana da gaskiya, sai dai kafafen labarai sun daɗe suna amfani da lamuni a ma'anar rance, don haka mai karatu zai ɗauka kuɗin da aka ranta ake nufi. Ni na fi karkata ga "kuɗin lamuncewa", domin idan aka ce wane ya lamunce wa wane, kowa ya san ya tsaya masa ne, ba kuɗi ya ba shi ba.

Dalilin da ya sa zaɓin ke da muhimmanci shi ne rigimar kasafi. A watan Disambar 2011 Majalisar Dokokin Amurka ta ƙara wa wannan kuɗi kashi 0.1 cikin 100 na yawan bashin a kowace shekara, na tsawon shekara 10, don cike giɓin tsawaita rangwamen harajin albashi na wata biyu kacal. A kan bashin dala 200,000, ƙarin ya kai dala 200 a shekara, kuma baitulmali yake tafiya, ba asusun biyan asarar basussuka ba. A ƙudurin kasafin da majalisar ta amince da shi a 2015 an saka ƙa'idar da ta hana lissafa irin wannan ƙari a matsayin abin toshe giɓi, amma duk da haka dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta tsawaita shi zuwa 2032.

A ganina, ƙarin da ba a lamunce wa kowa komai da shi ba, haraji ne da aka sa masa rigar wani, kuma kalmar lamuncewa tana fito da wannan a fili ba sai an yi dogon bayani ba. Saboda haka a cikin labari za mu iya rubuta "kuɗin lamuncewar bashin gida" a ambato na farko, daga baya mu taƙaita zuwa "kuɗin lamuncewa". Idan a kasuwannin Kano ko Damagaram akwai sunan da ake kiran abin da mai tsaya wa ɗan kasuwa yake karɓa, ina roƙon wanda ya san shi ya kawo mana mu auna.