Ta ina ake fara neman ɗan kurege mai shawagi a kurmi?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kan ɗan ƙaramin kuregen nan mai shawagi na kurmin Kamaru da Gabon, wanda ake kira Idiurus. Ta ina ake fara nemansa, kuma tarko na kama shi?

Mai Duba Daji: Wa alaikumus salam. Bar batun tarko tukuna, nemi bishiya. Da rana suna maƙale ne a cikin manyan bishiyoyi masu kogo, garke guda, sau da yawa tare da jemagu. Ka zaga da rana ka yi wa irin waɗannan bishiyoyi alama, ka duba gindin kogon ko akwai kashi. Kafin magariba ka dawo ka tsaya ta inda ramin fitarsu zai kasance tsakaninka da hasken sama. Ka rufe bakin tocila da jar leda, don farin haske na sa su noƙe su ƙi fitowa. Kada ka buga bishiyar ko ka yi mata hayaƙi. Za su watse, ƙirgarka ta lalace.

Malama Bincike: Ɗan'uwa, inda ake yawan kuskure shi ne a ɗauke su jemagu. Jemage yana kaɗa fiffike. Wannan kuwa sai ya hau sama, ya yi tsalle, ya buɗe tantanin da ya haɗa ƙafafunsa na gaba da na baya, ya sulalo zuwa wata bishiya. Guringuntsin da ke ɗaga tantanin daga gwiwar hannu yake fitowa, ba daga wuyan hannu ba irin na kuregen shawagi na Asiya da Amurka, domin ba dangi ɗaya ba ne. Jikinsa bai cika wuce santimita 10 ba, wutsiyar ta fi jikin tsawo, da dogayen gashi jefi-jefi. A ƙarƙashin gindin wutsiyar akwai ɓawo mai kaushi da yake tokare jikin bishiya da shi.

Mai Duba Daji: Tarkon ƙasa kam ɓata lokaci ne, ba sa saukowa. Ko an ɗaure shi a reshe, tururuwa ke cinye abincin kafin dare ya raba. Kyamarar da ke ɗauka da kanta ta fi: ɗaure ta a bishiyar da ke fuskantar ramin, ka share ganyen da ke gabanta, in ba haka ba iska ce za ta cika maka kati da hotunan banza.