Garin TSP na wanke bango yana cin hannun yarana, yaya ake aiki da shi lafiya?

Mai Fenti Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da yara huɗu da muke aikin fenti tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Kafin mu shafa sabon fenti a kicin ko shagon mai abinci, mukan wanke bangon da wani farin gari da ake kira TSP, don ya fi omo cire maiƙo da baƙin hayaƙi. To hannayen yaran sun fara tsagewa, ɗaya kuma tari yake yi duk ranar da ya zuba garin. Wanda muke saya a wurinsa ya ce ai ba kostik ba ne, ba ya komai, in ya taɓa jiki a shafa lemon tsami. Masana, ina gaskiyar take? Kuma nawa ya kamata a zuba a ruwa?

Malam Kemist, Samaru:

Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ne ba kostik soda ba ne, amma ɗan gidansu ne. TSP gishirin sodiyam ne da fosfet, kuma in ka narka giram 10 kacal a lita 1 ta ruwa, ma'aunin pH ɗinsa (lambar da ke nuna kaifin ruwa, tana hawa sama da 7 kaifi irin na kostik na ƙaruwa) yana kai wa wajen 12. Ruwan sha yana wajen 7, kostik mai yawa ɗaya da shi kuma yana haura 13. Yadda yake narka maiƙon bango ya mai da shi sabulu, haka yake yi wa maiƙon fatar mutum. Santsin nan da yaranka ke ji a yatsu ba tsabta ba ce, fatarsu ce ke narkewa. Ga hunturun Zariya da ya riga ya busar da hannu, ruwan sai ya bi ta tsaguwar ya shiga ciki.

Game da awo: wankin bango na yau da kullum, giram 15 a kowace lita ya isa, wato giram 150 a bokiti mai lita 10. In maiƙon ya yi kauri sosai a kai giram 30 a lita, kada a wuce haka. Ƙarin gari ba ya ƙara wa bango tsabta, sai dai ya bar farin busasshen gishiri da zai hana fenti kamawa, bayan wata biyu ka ga yana ɓarewa. Shi ya sa dole a ɗauraye bangon da ruwa zalla, a bari ya bushe sarai kafin a shafa.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, mai ɗumi ba tafasasshe ba, sannan a kawo garin da ludayin roba a sauke shi dab da ruwan a hankali. Tarin yaron nan daga zazzage leda daga sama yake zuwa, musamman in fanka na aiki ko iska na kaɗowa ta taga. A kashe fanka lokacin awo, mai awon ya sa takunkumi N95. Na kyalle da shuɗin nan na asibiti ba sa tare ƙurar yadda ya kamata.

Bokitin ya zama na roba. TSP yana cin alminiyam da bokitin ƙarfe mai rufin zinki, yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, in kuma a rufaffen mazubi ne sai ya kumbura. A rufe firam ɗin tagar alminiyam da gilashi da leda kafin a fara, don yana dusashe su. Safar hannu ta roba mai kauri da ta kai gwiwar hannu, a naɗe bakinta waje don ta tare ruwan da ke gangarowa in ana wanke sama. Safar kyalle ta fi rashin safa illa, domin tana shan ruwan ta manna shi a fata yini guda.

Ma'aikaciyar Jinya, Shika:

Malam Kemist ya gama da hannu, ni ido ne damuwata, don nan ne asarar da ba ta dawowa. Asid in ya taɓa ido yakan daskarar da naman sama ya ɗan tsaya nan. Irin su TSP narka naman suke yi su ci gaba da nutsawa, ko bayan zafin ya lafa. Saboda haka raguwar zafi ba alamar sauƙi ba ce. Tabarau mai manne wa fuska ta kowane gefe ake sawa, ba na rana ba, kuma wajibi ne ga duk mai wanke silin.

In ya shiga ido, ruwa nan take, ba a jiran mota ko mai gida. A karkatar da kai, idon da ya shafa yana ƙasa, a buɗe fatar idon da yatsu masu tsabta, a riƙa zuba ruwa daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara cikin ɗayan. Aƙalla minti 20 ba tsayawa, da agogo, don a cikin zafi minti 3 kan zama kamar 20. Buta ɗaya ba ta isa. A ajiye jarka mai lita 25 ta ruwa mai tsabta a wurin aiki, wadda ba a taɓawa don komai. Bayan nan a tafi asibiti da ledar garin a hannu, Asibitin Koyarwa na ABU a Shika yana da sashen ido, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Don Allah Malam ka manta da maganar lemon tsami. Tsami a kan ƙonanniyar fata ƙari ne a kan rauni, a ido kuma bala'i ne. Haka zuma, nonon mace, kwalli da maganin ɗigawa daga kemis. A fata, in busasshen gari ne a kakkaɓe shi tukuna, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke da ruwa mai gudu har santsin ya tafi.

Wani abu da ake mantawa shi ne alwala. An kira azahar, yaro ya cire safa da sauri, ya ɗebo ruwa ya kai fuska da hannun da ke ɗauke da garin. Ka koya musu su wanke safar tun tana hannu, su cire, su wanke hannu sosai har ƙarƙashin farce, sannan su fara alwala ko cin abinci. In an tashi aiki a shafa basilin.

Maman Sabulu, Sabon Gari:

Ƙarin bayani ga 'yan'uwana mata masu haɗa sabulun ruwa. Garin STPP da muke zubawa a sabulun daban yake da TSP, nasa pH ɗin bai cika wuce 10 ba. Amma duka farin gari ne, kuma a leda ake ƙulla mana ba rubutu. Ki sa mai shago ya rubuta suna a kowane ƙulli a gabanki. A gida a juye a robar da ke da murfi mai rufuwa gam, a ɗora sama inda yaro ba ya kaiwa, nesa da kicin, don da gishiri ko sukari yake kama. Da damina yana shan danshi ya dunƙule, in za a farfasa a yi shi cikin rufaffiyar leda, ba a turmi ba. Kada a jera shi da salfonik asid ko ruwan batir, haɗuwarsu zafi take haifarwa har ya yi tsartuwa. Narkakken kuma kada a kuskura a zuba shi a gorar lemo.

Ma'aikaciyar Jinya, Shika:

Hajiya kin taɓo inda ya dace. In yaro ya haɗiya, ba a sa shi amai, domin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Ba a ɗura masa manja. A kurkure baki, in yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya a ba shi ruwa kurɓi kaɗan, sai asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. Fosfet mai yawa yana rage kalsiyam a jini, abin da kan kawo ɗaurewar jijiya har ya taɓa bugun zuciya.

Malam Kemist, Samaru:

Saura abu biyu. Akwai TSP da ake haɗawa da kilorin, za ka ji yana warin bilic. Wannan in ya gamu da asid, ko da na wanke masai ne, iskar kilorin yake fitarwa, kuma a rufaffen banɗaki tana iya kayar da mutum. Sannan ragowar ruwan kada a tuttula shi a kwatar da ke gangarawa kogin Kubanni ko kusa da rijiya, fosfet taki ne ga gansakuka, in ta yi yawa sai ta shaƙe kifi. A haɗa daidai abin da aikin ranar zai ci. Garin da ya zube kuma a kwashe shi a bushe da abin kwasar shara na roba kafin a kawo ruwa, in ba haka ba daɓen zai yi santsin da zai kayar da mai tsani.