Ɗan majalisar jiha da ya dawo sabon zango: yana da ta cewa, ko ɗan amshin shata ne?

Alhaji: Salamu alaikum jama'a. Ana ta murna idan wakili ya koma majalisar jiha karo na biyu. Ni a ganina ko sau goma ya koma, gwamna ne mai gari. Majalisar ma ba ta fara zama sai gwamna ya fitar da takardar shelar buɗe ta, haka sashe na 105 na tsarin mulkin Najeriya ya ce. A Edo a 2019 da daddare aka rantsar da mutum 9 cikin 24, kuma 14 daga cikin zaɓaɓɓun har zangon ya ƙare ba su zauna kujerunsu ba.

Barista: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar Edo haka take, amma shelar nan ta zaman farko ce kawai. Daga nan gwamna ne ke neman majalisa. Kwamishina ba ya kama aiki sai ta tantance shi. Idan ba ta zartar da kasafi ba, wata 6 kacal tsarin mulki ya yarda gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi, shi ma ba zai wuce ma'aunin bara ba. Idan ya ƙi sa hannu a doka cikin kwana 30, kashi biyu bisa uku na mambobi sun isa su mayar da ita doka. A Kano mai kujeru 40, mutum 27 ke nan. Kar mu manta majalisar Kaduna ta hana gwamna Balarabe Musa kwamishinoni, ta kuma tsige shi a Yunin 1981.

Alhaji: Barista, wancan lokacin jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisa, gwamna kuma ɗan PRP ne. Yau jam'iyya ɗaya ce sama da ƙasa, kakakin ma daga gidan gwamnati ake nuna shi.

Malam: Ku duka kuna kallon rigima ne, alhali amfanin wakili yana ɗakin kwamiti. Makonnin farko bayan zaɓen kakaki ake rabon kwamitoci, kuma tsofaffin mambobi ne suka fi samun masu nauyi: kasafi, ayyuka, ƙananan hukumomi. Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne ya miƙe a zauren majalisa ya kawo ƙudirin kira ga gwamnati ta gyara gadar garinsu, a amince, a sa a rediyo, ya ɗauka an gama. Irin wannan ƙudiri roƙo ne, ba ya tilasta wa kowa. Wanda ya san hanya tun kafin gwamna ya gabatar da kasafi yake bin ma'aikatar ayyuka a sa gadar a daftari, da sunan garin da adadin kuɗin. Ranar da kwamishina ya zo kare kasafinsa, ya tabbatar layin yana nan. Bayan sa hannu kuma sai bibiyar sakin kuɗi, domin sau da yawa aiki yana cikin littafi amma ba a saki ko kwabo ba har shekara ta fita. Rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku shi ke nuna wannan.

Hajiya: Malam, Allah ya ƙara sani, amma akwai abin da ka tsallake. Makonnin da kake cewa na rabon kwamiti, a kotu mambobi da yawa suke cinye su. Kwana 21 na shigar da ƙara, 180 a kotun zaɓe, 60 a kotun ɗaukaka ƙara, kuma shari'ar ɗan majalisar jiha a nan take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. A Filato a 2023 mambobin PDP 16 suka rasa kujerunsu a wannan matakin. Mutumin da kujerarsa ke rawa, ga kuɗin lauyoyi, da wane baki zai tsare kwamishina da tambaya? Wannan shi ke damuna ƙwarai.

Barista: Gaskiya ne Hajiya. Shi ya sa gyaran tsarin mulkin da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 kan 'yancin kuɗin majalisun jihohi yake da muhimmanci. Muddin kuɗin gudanar da majalisa sai an je an roƙa, Alhaji yana da hujja.

Alhaji: To mu talakawa fa? Kiranye sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Wa zai iya?

Malam: Kiranye da wuya, Alhaji, amma tambaya ba ta da wuya. Doka ta ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, a tambaye shi nawa ya halarta. A tambaye shi kwamitin da yake ciki. Sannan rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa, na wace shekara kwamitinsu ya duba a ƙarshe?