Shin rage wa yaro mai otizim umarni sangarta ce?

Uwar Uku:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara bakwai yana da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke mu'amala da sadarwa da mutane, kuma kowace safiya sai an kai ruwa rana kafin ya yi wanka ya sa kayan makaranta. Likita ta ba mu shawarar rage abubuwan da muke tilasta masa, amma kakarsa ta ce sangarta shi za mu yi. Waɗanda suka gwada, ina mafita?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ƙirga umarnin da yake sha daga farkawa zuwa fita: tashi, wanka, gaisuwa, karin kumallo, safa, takalmi, ga kuma "yi sauri" da ake ta nanatawa. Yaron da ƙarar janareta ko ƙaiƙayin yadi ke damunsa fiye da sauran yara, ƙarfinsa kan ƙare tun bai bar gida ba, sai a ɗauki kukansa taurin kai. Ki ware abin da ya shafi lafiya da tsaro, kamar shan magani da riƙe hannu a titi, ki tsaya a kai. Sauran a sassauta: a mayar da wanka dare, a bar safar idan ɗinkinta na cizonsa. Maimakon "je ka ci abinci", ki ce "ga koko can ya huce", ki ba shi lokaci.

Baban Gida:
Na yarda, amma da sharaɗi. Wata masaniyar halayyar yara a Ingila, Elizabeth Newson, ce ta fara bayanin wannan matsananciyar gujewa umarni a shekarun 1980, kuma manyan kundayen gano cututtuka ba su ware ta a matsayin lalura mai zaman kanta ba. Saboda haka kada sassaucin ya zama na dindindin. Idan hankalinsa ya kwanta, a riƙa dawo da abubuwan ɗaya bayan ɗaya, tare da shawarar likitarsa.

Malamar Firamare:
Haka ne, Malam. Batun Hajiya kuwa, kada ki yi gardama da ita, domin tsoronta shi ne a ce jikanta ba shi da tarbiyya. Ki roƙe ta ta amince da ɗaga hannu a matsayin gaisuwa na ɗan lokaci, kuma ki tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.

Uwar Uku:
Na gode ƙwarai. Makarantar Islamiyya fa, ita ma a rage masa kwanaki?