Gwaji biyu sun saɓa a kan ciwon sukari: in fara shan magani ko in sake gwaji?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekarata 47, sana'ata sayar da atamfa, kuma mahaifinmu ya rasu ne bayan shanyewar ɓarin jiki, yana fama da hawan jini da ciwon sukari. Makonni uku da suka wuce na je asibiti saboda ciwon kai, aka auna jinina aka samu 150/95, likita ya rubuta mini maganin hawan jini, ya kuma tura ni gwajin sukari da safe ban ci komai ba. Sakamakon ya nuna 7.4, sai ya ce in maimaita in dawo. Maimakon in maimaita, wani abokina ya ba ni shawarar in yi wanda ake kira HbA1c domin a cewarsa ya fi inganci. Na biya naira 9,000, ya fito kashi 5.9, wanda ya miƙo mini takardar ya ce ba ni da komai. Yayana kuma, wanda ya daɗe da ciwon, ya ce in fara shan metformin irin nasa kada in ɓata lokaci. Ban sani ba ko yana da amfani in faɗa, amma gwajin da aka yi mana kafin aure ya nuna ni AS ne, wato ina ɗauke da gadon sikila amma ba ni da ciwon. Wace takardar zan yarda da ita, kuma in fara maganin ne ko in sake kashe kuɗi a gwaji na uku?

Hajiyar Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka daina shan shayi da sukari da lemon kwalba, ka koma cin acca da alkama, ka riƙa dafa zogale kana shan ruwan shuwaka da safe. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan da wannan ciwo, kuma da haka nake lallaɓawa tare da maganin asibiti.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ka gaggauta zuwa asibiti yau ɗin nan. Ni da aka samu nawa 1.40 kawai likita ya ɗora ni a kan magani, to ina ga wanda nasa ya kai 7.4? Shi kuwa wancan gwajin na wata uku, wato HbA1c, jika goma na sefa na biya a nan, saboda haka kai an yi maka sauƙi.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Malam na Maraɗi, ka kwantar da hankalinka, ma'aunin ne ya bambanta. A Nijar ana rubuta sakamakon da giram a kowace lita, a nan Nijeriya kuma wasu na rubutawa da milimol, wasu da miligiram. Iyakar da ake cewa mutum ya shiga ciwon sukari idan bai ci komai ba na aƙalla awa 8 ita ce 7.0 a ma'aunin milimol, wato 126 a miligiram, wato 1.26 a irin naku. Naka 1.40 ya kusan 7.8 a ma'auninmu, ka ga ke nan ya ɗan fi nasa.

Shi kuma mai tambaya, maganarka ta AS ita ce mafi muhimmanci a duk abin da ka rubuta. Gwajin HbA1c ba sukarin da ke yawo a jini a wannan lokacin yake aunawa ba. Yana auna yawan sukarin da ya manne a jikin himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma da yake waɗannan ƙwayoyi kan rayu kimanin kwana 120, sakamakon kan nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. A 2011 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da kashi 6.5 zuwa sama wajen tabbatar da ciwon, amma ta faɗa a fili cewa sakamakon da bai kai haka ba ba ya kore ciwon idan gwajin sukari ya nuna shi. Duk abin da ya taɓa himogulobin ko ya rage tsawon rayuwar ƙwayoyin jini zai iya karkatar da lambar: sikila, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, zubar jini mai yawa. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe kuma yakan ɗaga ta sama. Wasu na'urorin suna iya aiki daidai da jinin AS, wasu ba sa iyawa, don haka ka koma ka tambaye su wace hanya suke bi. Ƙa'idar ita ce idan gwaji biyu suka saɓa, a maimaita wanda ya haura iyaka, kuma abin da likitanka ya ce tun farko ke nan.

Maman Marayu:
Ɗan'uwa, ban iya lissafin lambobin nan ba, amma zan gaya maka abin da ya faru a gidana. Mijina direban babbar mota ne, shekararsa ba ta kai taka ba. Ya fara ramewa, yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare, yana ajiye buta cike da ruwan sha a gefen shimfiɗa. Muka je wani ɗakin gwaji a unguwarmu, aka ɗebi jininsa da sassafe aka ce mu dawo bayan la'asar domin babu wuta. Da muka dawo aka ba mu takarda aka ce sukarinsa lafiya lau, taifot ne da maleriya. Ya sha allurai ya koma kan hanya. Shekara biyu muna riƙe da wannan takarda kamar wata shaida, duk wanda ya ce a sake gwaji sai ya ɗauko ta daga aljihun motar ya nuna masa.

Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa a wajen lodi, bai ma ji zafinta ba sai da ya cire takalmi ya ga jini a safa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari, har yara suka daina shiga ɗakin. A asibitin koyarwa ne aka gaya mana sukari ya daɗe yana cinsa, ƙodarsa ma ta taɓu. Aka yanke yatsu biyu, bayan wata huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, sannan aka fara wankin ƙoda sau biyu a mako. Na sayar da filin da na gada, na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina. Ranar da kuɗin suka ƙare shi da kansa ya ce in bar shi a gida. Ya bar ni da yara biyar, kuma har yau idan na wuce ta gaban wannan ɗakin gwajin sai in ga mutane a layi da audugarsu a hannu.

Hajiyar Tudun Wada:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari. 'Yata, yaran suna makaranta kuwa?

Maman Marayu:
Amin, Hajiya. Uku suna zuwa, babban ya bari yana bin mota. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ko su ma za su gada.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Allah ya gafarta masa, Yaya. Akwai abin da ya tsaya mini a labarinki. Jinin da aka ɗeba aka ajiye ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, ƙwayoyin suna ci gaba da cinye sukarin da ke ciki, yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, kuma zafi yana ƙara saurin haka. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka wadda ke da sinadarin hana wannan. Daga safe zuwa la'asar a kwalbar da ba ta dace ba, sukari mai yawa zai iya saukowa sosai. Wannan ma ya shafi mai tambaya, domin jinkiri ƙasa yake jan lamba, ba sama ba.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Da girmamawa, bayanin ya yi tsawo ga talaka. Shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma da na'urar hannu nake gwada mutane a kan naira 1,000, cikin minti ɗaya su ga lambarsu. Kai kuma mai tambaya, shi wancan gwajin na HbA1c ma an cuce ka, domin akwai inda ake yinsa 5,000. Ka zo da safe kwana uku a jere a gwada ka, idan ya wuce bakwai ka fara rabin ƙwaya.

Hajiyar Tudun Wada:
Wane 5,000? Watan jiya 15,000 na biya, kuma ba a asibitin kuɗi ba.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Malam mai kemis, na'urar hannu ta bibiyar wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon ce, ba ta yanke hukunci a kan lambar da ke bakin iyaka ba, balle idan tsinken gwajin ya sha zafin shago ko kwanansa ya ƙare. Sannan ba a fara metformin sai an duba aikin ƙoda, musamman ga mai hawan jini.

Mai Kemis na Sabon Gari:
To ai ke ma ba likita ba ce, Malama, kuma takardar da ta halaka mijin baiwar Allah nan daga ɗakin gwaji ta fito, ba daga kemis ba.

Tsohon Malamin Firamare:
Ni a ganina wanda ya kwana da ciwon ya fi ku duka sanin zafinsa, amma sanin zafi daban ne da sanin magani. Malamar ba ta rubuta masa magani ba, cewa ta yi ya koma wurin likitansa. Kai kuwa har ka ƙayyade masa rabin ƙwaya ba ka taɓa ganinsa ba.

Ɗan Acaɓa:
Alhaji, da tsadar da sukari ya yi a kasuwa, mu muna neman na shayi kai kuma an ce naka ya yi yawa. Ka taimaka mana da mudu ɗaya mana.

Tsohon Malamin Firamare:
Yaro, ka duba abin da baiwar Allah ta rubuta a sama kafin ka yi wasa.

Ɗalibin Likitanci:
Ina so in ƙara a kan maganar AS, domin an yi bincike a kai. A 2017 mujallar likitanci ta JAMA ta buga aikin Mary Lacy da abokan aikinta a kan baƙaƙen fatar Amurka fiye da 4,000, daga manyan nazarce-nazarce biyu na lafiyar zuciya, ciki har da na birnin Jackson. Sun samu cewa idan sukarin jini ɗaya ne, masu AS kan nuna HbA1c ƙasa da na sauran da kimanin kashi 0.3, abin da ya isa ya sa a tsallake wasu masu ciwon. Masana sun yi ta muhawara a kan ko laifin na'urar ne ko kuwa ƙwayoyin jininsu ne ba sa daɗewa. A wannan shekarar kuma wani binciken ya nuna cewa nau'in ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, da ya yawaita a tsakanin 'yan asalin Afirka shi ma yana jan lambar ƙasa, musamman ga maza. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, bai kamata a miƙa wa mutum wannan takarda ba tare da an tambaye shi ko shi AS ne ba. Idan maimaicin ya sake zuwa bakin iyaka, akwai gwajin da ake shan gulukos giram 75 a auna bayan awa biyu, inda 11.1 zuwa sama ke tabbatar da ciwon. Baba, da tarihin mahaifinka, ka nemi a duba kitsen jini da ƙoda a lokaci guda.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, kuma Allah ya jiƙan mijinki, Yaya. Amma har yanzu ban gane ba, in koma inda aka samu 7.4 ne ko in nemi wani wuri dabam? Kuma nawa ne wannan na shan gulukos ɗin?

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ya dame ni shi ne taifot ɗin da aka ce mijinta yana da shi. Mu ma a nan duk wanda ya je da zazzaɓi da shi yake dawowa.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Gwajin Widal ne, kuma jini ɗaya da aka ɗeba sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot a wurin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Akwai hukumar MLSCN da ke da alhakin rajistar masu gwaji da duba wuraren aikinsu, kuma kuna da damar tambayar shaidar rajista kafin ku miƙa hannu.

Hajiyar Tudun Wada:
Wa zai tsaya tambayar takarda yana jin jiki? Jikata sau uku ana ce mata taifot a shekara ɗaya, kowane zuwa da kuɗin allurai, kuma wanda ya gwada shi ne yake sayar da maganin a ɗaki na gaba.

Maman Marayu:
Haka nasu yake, Hajiya, ƙofa ɗaya ce tsakanin wurin gwajin da wurin allurar. Takardar tana nan a cikin akwatina, ko sa hannu babu a jikinta, sai hatimi kawai.