Wai me ake dubawa a jikin kwatabak (mai jefa ƙwallo) ɗin jami'a kafin a ce ya isa NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa. Ban jima da fara kallon ƙwallon Amurka ba, amma maganar kulob ɗin 49ers ta ɗaure min kai. A 2021, wajen zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, sun sadaukar da zaɓin zagayen farko har uku don su ɗauki Trey Lance a lamba 3, shekara na zagayowa suka ɗauko Brock Purdy a lamba 262, na ƙarshe ƙat, kuma wai shi ɗin ne ya kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. To fisabilillahi masu zaɓen nan me suke kallo ne?

Mai_Kwanan_Zaune:
Wslm. Malam ƙirar jiki ce ta ruɗe su. Lance dogo ne ga gudu ga hannu, a 2019 ko jifa ɗaya abokan hamayya basu cafe masa ba, amma duka duka wasa 17 ya fara a jami'ar North Dakota State, wadda ba ma a babban rukuni take ba, 2020 kuma korona ta sa wasa ɗaya tak ya buga. Purdy kuwa shekara huɗu yana shan bugu a Iowa State, sama da wasa 40, ya ga kowane irin tarko. Ni abin da nake kallo kenan, in mai karɓarsa na farko a rufe yake idonsa na komawa kan na biyu da na uku ko kuwa ƙafa yake ba iska? Kuma in ƙato mai kilo 130 ya nufo shi yana tsayawa ya saki ƙwallon ya sha dukan, ko rufe ido yake? A jami'a sai mutum ya kuɓuce fili sannan kake jefa masa, a NFL tun bai juyo ba ƙwallo ta bar hannunka.

Baban_Ilham:
Yallaɓai ban yarda da kai duka ba. Josh Allen fa? Kashi 56 cikin ɗari na jifansa ke isa hannu a Wyoming, aka yi ta yi wa Buffalo dariya da suka ɗauke shi a 2018, ga shi ya ci MVP, wato gwarzon ɗan wasa, na kakar 2024. Hannu ba a koyar da shi, saiti kuwa ana gyarawa.

Mai_Kwanan_Zaune:
Allen ɗaya ne ai, irinsa nawa suka nutse? JaMarcus Russell ma hannun ne da shi, lamba 1 a 2007, kaka uku Raiders suka sallame shi.

Hajiya_Chiefs:
Ku duka kun manta gidan da yaron ya faɗa. Mahomes na Chiefs shekara guda ya yi a benci bayan Alex Smith, koci Andy Reid na ɗora shi a hankali. Purdy ya tarar da koci Shanahan da manyan 'yan wasa McCaffrey da Kittle, abinci a dafe. Shi Lance wasansa na biyu a 2022 ya karye a idon sawu, yaushe ma aka gan shi balle a yanke masa hukunci? Kuma don Allah ku daina ruɗuwa da bidiyon ranar gwaji, yaro da gajeren wando babu mai binsa, haka Zach Wilson ya burge mutane.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Hajiya wannan Wilson ɗin wane kulob ne ya ɗauke shi?

Hajiya_Chiefs:
Jets, lamba 2, ana gama kiransa aka kira Lance 😂